Amsoshin Tambayoyinku: In Manhaja Ta Yi Rubutu, Wa Zai Duba?

Wannan saƙo daga Malama Hadiza ne, a Funtuwa. Ta ce ƙirƙirarriyar basira ce ke tsara mata bayanan makarantarsu na shafin intanet, to yaya za ta kauce wa kuskure?

Mun gode, Malama Hadiza. Ita wannan manhaja hasashen kalmomi take yi. Abin da ba ta sani ba takan ƙago shi, kuma ya fito tsaf kamar gaskiya. Don haka ki ba ta bayanan da hukumar makaranta ta amince da su, ki ce kada ta wuce su. Waɗanda aka amince da su kaɗai. Sannan mutum ya karanta kafin a wallafa, musamman kuɗin makaranta da ranar komawa.

Domin in an yi kuskure, alhakin yana iya faɗawa kan mai shafin. Misali, a Kanada, manhajar hira ta shafin kamfanin jiragen sama na Air Canada ta ba wani fasinja bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikitin masu zuwa jana'iza. A 2024 aka yanke hukunci cewa kamfanin ne ke da alhakin abin da ke shafinsa, aka umarce shi ya biya fasinjan diyya.