Zazzaɓin da ya biyo shi daga Reyuniyon

Ƙaninsa ne ya shigo da shi a rirriƙe, matarsa na biye da leda cike da ƙwayoyi. Magidanci ne ɗan Maraɗi, mazaunin nan Bobigny, bai kai arba'in ba. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, a ƙarƙashin jan kuma ga rawaya. Da na matsa sharaɓarsa sai da ya yi ƙara. Rabonsa da fitsari tun jiya da safe.

Na tambayi matar ko ya yi tafiya. Ta ce, "Likita, bai bar ƙasar nan ba. Reyuniyon kawai suka je hutu da abokan aikinsa, ai Faransa ce."

A takarda Faransa ce. Amma tsibiri ne a tekun Indiya, gabas da Madagaska, tafiyar awa 11 a jirgi daga Paris, kuma a watan Maris damina ake yi can. Tun 2013 aka hana wanka a teku saboda kifin shak, sai a wuraren da aka keɓe, shi ya sa baƙi da yawa suka koma rafuka. Su ma kogin Langevin suka nufa, suka wuni suna faɗawa ruwa a gindin magangarar Grand Galet, washegarin daren da aka kwana ana ruwan sama. Kwana biyu kafin nan ya kurje ƙauri wajen hawan dutse a Cilaos. Ko filasta bai manna ba.

Leptospirosis ce. Ɓera ya yi fitsari, ruwan sama ya wanko shi zuwa rafi, ƙwayar cutar ta samu ƙofa a buɗe.

Bayan kwana 9 da dawowarsa zazzaɓi ya kwantar da shi. A nan ne raina ke ɓaci. Maimakon asibiti, sai aka kira wani mai sayar da magani daga jaka, irin masu yawo gida-gida, wanda ko awon jini bai taɓa yi wa kowa ba. Ya ce maleriya ce, ya ba shi maganinta, ya haɗa masa da ibuprofen safe da yamma. Wace maleriya? Tun 1979 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da ita a tsibirin. Da ido ya yi rawaya kuma aka ce shawara ce, aka kawo jiƙo. Kwana 6 ana wannan wasa da rai, ƙoda na lalacewa.

Da ya zo a ranar farko ya ce ya shiga rafi, amoxicillin na mako guda zai iya isarsa. Sai ga shi an kai ga wankin ƙoda. Ya rayu, Alhamdulillahi, amma har yau ana bibiyar ƙodarsa, bai koma aiki ba.

Kada ku shiga rafi da ciwo a buɗe. Kada ku shiga bayan ruwan sama, ko da mai yi muku jagora ya ce babu komai. Gwadaluf da Martinik da Mayot, su ma tsibiran Faransa, duk haka abin yake, cutar ta fi yawa can nesa ba kusa ba, kuma tun Agustan 2023 dole likita ya sanar da hukuma duk wanda ta kama a Faransa. Ga dengi, ga chikungunya da ta sake ɓarkewa a Reyuniyon a 2025, ku tafi da maganin shafawa na sauro. Ku rabu da ibuprofen da asfirin in zazzaɓi ya zo bayan tafiya. Ku rabu da masu jaka. Na faɗa, zan sake faɗa: ku rabu da masu jaka.

Har wata guda bayan dawowa cutar na iya bayyana. In jiki ya yi zafi, ku je asibiti a ranar, asibitin Avicenne na nan kusa da sashen cututtukan ƙasashe masu zafi, in abin ya tsananta ku kira lambar gaggawa ta 15. Don Allah, tun kafin a tambaye ku, ku ce wa likita: na je tsibiri, na shiga ruwan rafi.