Kafin ka biya kuɗin janaretan aiki, ka lissafa nauyin tashi

Yawancin janaretocin da ake kawo mana shago da ƙonannen koyil sababbi ne, wasu ko fentinsu bai dushe ba. Masu su sun shiga kasuwa da kuɗi a aljihu, amma ba su tafi da lissafin kayan da za su ɗora wa injin ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, asarar inji da ɓarnar mai sun fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa, shi ya sa nake so mai walda da mai ƙanƙara da ɗan kwangilar gini su saurare ni.

Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin tanki sau da yawa sunan samfuri ce kawai, ko kuma iyakar ƙarfin da injin zai iya bayarwa na ɗan lokaci kaɗan. Ka sunkuya ka nemi ƙaramin farantin da ke jikin koyil, a nan ake rubuta ƙarfin da zai iya ɗauka yini guda. Sannan kVA daban, kilowat daban. A lissafin da aka saba, kashi 80 cikin 100 na kVA ne ke zama aiki, wato inji mai kVA 5 kilowat 4 zai ba ka. Cikin huɗun ma ban yarda ka cinye duka ba, ka tsaya wajen uku da ɗan wani abu, injin ya samu wurin numfashi.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne kayan da ke da mota a ciki: firiza, injin jan ruwan rijiyar burtsatse, kwamfuresa, injin yankan katako, injin buga bulo. Irin waɗannan a daidai lokacin tashi suna zuƙar wutar da ta ninka ta aikinsu sau uku, wani lokaci har sau shida. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Famfo mai doki biyu yana cin wajen wat 1,500 in ya kama gudu, amma kafin ya kama yana iya neman 4,500 ko fiye. Mai janaretan kVA 2.5 zai ce ai wat 2,000 sun wuce 1,500, ya kunna, injin ya yi nishi, wuta ta faɗi, motar famfon ta tsaya tana zafi. In ya maimaita haka kullum, ko famfon ya ƙone ko koyil. Don haka ka tara ƙarfin duk abin da zai yi aiki lokaci guda, ka ƙara nauyin tashin wanda ya fi kowanne girma a kai, kuma ka riƙa kunna babban tukuna kafin ƙananan. Mai walda da wayar 3.2 yini guda kada ya yi ƙasa da kVA 7 ko 8, ko da na'urarsa ta zamani ce mai sauƙin ci.

Zafinmu ma yana da nasa kaso. Ana auna ƙarfin inji ne a yanayi mai sanyi, wajen digiri 25, mu kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maradi watan Afrilu yana haura 40. Inji a irin wannan rana ba ya ba da abin da aka rubuta, ƙurar hunturu kuma tana toshe matacin iska cikin 'yan kwanaki a filin gini.

In aikinka awa goma ne kullum, ka duba na dizal, musamman mai juyi 1,500 a minti, ya fi mai 3,000 jure dogon aiki. Sai dai shi ma ba ya son zaman banza. Babban injin dizal da aka bar shi da ƙwan fitila biyar zai riƙa tara baƙin danƙo a salansa. Ka tambaya ko koyil ɗin jan ƙarfe ne ko alminiyam, ka sa a buɗe murfin baya mai gyaranka ya duba, domin ana shafa wa alminiyam launi. Ka tabbata akwai AVR, wato na'urar daidaita wuta, in za ka haɗa kwamfuta ko injin ɗab'i, kuma kayan gyaransa suna samuwa a garinku. Na gwanjo daga Amurka kuwa a kula, nasu tsarin volt 120 ne da zagaye 60, namu 230 da 50.

Abu biyu nake roƙo da babbar murya. Kada a kunna janareta cikin shago, ko soro, ko ɗakin da ake ginawa, ko da taga a buɗe take. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari, maigadi ko lebura zai ji ciwon kai da barci ne kawai, ya kwanta. A ajiye shi waje, nesa da ƙofa da taga, salansa na kallon fili. Sannan kada a soka wayarsa a soket ɗin bango. A sa makunnin canjin layi, in ba haka ba wutarka za ta bi waya ta koma falwaya, ta samu ma'aikacin da ya hau gyara yana tsammanin an ɗauke wuta.