Darasin Kanikanci: Sauya Boljoyin na Ƙafar Gaba

Duk a-kori-kurar da ke ɗaukar gero da albasa daga Galadi zuwa kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, ranta yana rataye ne a kan wani ɗan ƙarfe da bai kai dunƙulen hannu ba. Makanikai na kiransa boljoyin. Ƙwallon ƙarfe ne cikin kwasfa, kamar gaɓar ƙugunmu, shi ke barin taya ta juya, ta kuma hau ta sauka. Tsohuwar Toyota Hilux mai ja da ƙafa huɗu, ƙirar 1998 zuwa 2004, tana da biyu a kowace ƙafar gaba, na sama da na ƙasa.

Abin da ke kashe shi yashi ne da ruwa. Da zarar robar da ta rufe shi ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga tana cin ƙarfen. Sai mu ji ƙwas-ƙwas a gargada, sitiyari na yawo, taya na cinyewa gefe ɗaya. In ya tsinke ana cikin gudu, taya takan kwanta ƙarƙashin mota.

Ga yadda za mu yi:

1. Mu tsayar da mota a fili mai lebur, mu tokare tayoyin baya.
2. Mu ɗaga ta da jak, mu ɗora ta kan matokari mai ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.
3. Mu kama taya sama da ƙasa mu girgiza, a sa ido kan gaɓar. In tana wasa, ta mutu.
4. Mu cire taya, mu rataye birki da waya, mu tallafi hannun ƙasa da jak.
5. Mu zare fil, mu sassauta noti, mu bugi gefen mazaunin da guduma har ya saki.
6. Mu goge wurin, mu ɗaura sabo, mu ɗaure daidai gwargwado, mu sa sabon fil da giris.

Mu duba ɗayar ƙafar ma, gama tare suka tsufa. Daga nan a kai motar Ƙaura Namoda ko Gusau a saita ƙafafunta.

Ɗalibai, wannan aikin yini guda ne a gida. Ya fi a yi shi a bakin hanyar Zurmi rana na faɗuwa, da fasinja cike da mota.