Ranar Ɗaukar Zanen Yatsu: Nasiha Ga Amaryar Da Za Ta Bi Mijinta Ƙasar Waje

Mas'alar da iyaye mata na unguwannin Daɗin Kowa da Zarmaganda a nan Jos suke yawan kawo mini a 'yan shekarun nan ita ce ta ɗiyar da aka aurar ga wanda yake zaune a Ingila ko Kanada, ya cika takardun neman ta tare a wurinsa, sa'an nan aka aiko cewa ta je a ɗauki zanen yatsunta da hoton fuskarta; sai hankalin gida ya tashi, ana zaton a ranar ne za a titsiye ta da tambayoyi a kan ingancin aurenta. Haƙiƙanin al'amari kuwa, ya 'yata, waɗanda za ki tarar a cibiyar ɗaukar zanen yatsu, ma'aikatan kamfani ne, ba su da ikon ba ki biza ko hana ki, aikinsu kawai su tabbatar ke ce mai fasfon, su aika wa hukumar da take yanke hukunci. Kamfanin VFS Global ne yake yi wa Kanada wannan hidima a Abuja da Legas, kuma tun watan Nuwamba na 2024 shi ne yake yi wa Ingila. A Jos babu cibiya ko ɗaya.

Aikin kansa na 'yan mintoci ne, ba a shafa tawada: za ki ɗora yatsu huɗu na dama a kan gilashin na'ura, sai huɗu na hagu, sai manyan yatsu biyu, a ɗauki hoto, a sallame ki. Amma wannan ɗan taƙaitaccen aiki yana da sharaɗi guda wanda amarenmu suka fi kowa karya shi ba da sani ba, wato kan yatsu ya kasance babu ado, babu rauni. Ƙunshi ado ne halal, abin so ga matar aure, kuma na san nauyin da yake ga amarya ta fita unguwa da farin hannu alhali kuwa ko wata uku ba ta cika a ɗaki ba. Sai dai na'urar tana karanta siraran layukan da Allah Ya zana a fatar yatsa ne, idan lalle ya kama ya yi duhu, musamman baƙi, sai layukan su ɓace mata, a ce ki koma sai ya goge, kuɗin mota da na masauki sun tafi a banza. Tun da lalle yakan ɗauki mako biyu ko uku kafin ya saki fata, wajibi ne ki bar shi tun daga ranar da aka fara maganar tsayar da rana, ko da bikin ƙanwarki ya faɗo a tsakani. Kada kuma ki ce za ki kankare shi da dutse ko da ruwan bilic a daren tafiya, domin fatar da aka goge ta fi mai lalle wuyar karantawa.

Mu mutanen Filato muna da wata illa ta daban, ita ce hunturun Disamba da Janairu, wanda yake busar da hannu har ya tsage, balle ga wadda take wanki da wanke-wanke da ruwan sanyi. Maganinsa man kaɗanya ko basilin kowane dare na kamar mako guda, da hutar da hannu daga omo. A safiyar ranar kuwa a wanke hannu a bar shi ba maiƙo. Wadda wuƙa ta yanka, ta jinkirta har ta warke.

Hijabi ba ya hana hoto, muddin fuska ta bayyana daga haɓa zuwa goshi. Mai niƙabi lalle ne ta ɗaga, tana iya roƙon mace ta duba ta, kuma malaman fiƙihu tun da can sun halatta buɗe fuska saboda lalurar shaida, saboda haka kada zuciyarta ta yi ƙunci.

Game da takardu, ki riƙe fasfonki na asali, da takardar da ta nuna rana da sa'a, da shaidar aure, ko ta kotun shari'a ce ko ta majami'a ko ta rajista. Mai nufin Ingila tana buƙatar shaidar gwajin tarin fuka daga asibitin da aka amince da shi, kamar na hukumar IOM a Abuja, kuma takardar wata 6 kaɗai take aiki. Kanada kuwa tana ba da kwana 30 na zuwa ɗaukar zanen yatsu daga ranar da wasiƙar umarni ta fito, kuɗin aikin dalar Kanada 85. Tun kafin a kai nan, ki jera fasfo da katin NIN da shaidar aure ki duba harafi bayan harafi, domin A'ishatu a wannan, A'isha a wancan, ko ranar haihuwa iri biyu, shubuha ce da take jawo jinkiri, gyaranta kuma a ofishin NIMC ko na hukumar shige da fice yake, kafin a cika takardar nema.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne gaskiya. Zanen yatsa ba ya canzawa da canjin suna, kuma Ingila da Kanada da Amurka da Ostireliya da Niyu Zilan suna musayar irin waɗannan bayanai a tsakaninsu. To, wadda aka taɓa hana ta biza, ko wani dillali ya taɓa nema mata da wata ranar haihuwa, sa'an nan yanzu ya ce mata ta ɓoye, ta sani cewa yatsunta za su tona abin da bakinta ya rufe, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Hanin da aka yi a baya, idan an bayyana shi da dalilinsa, galibi ba ya rushe neman matar aure. Ɓoye shi kuwa a dokar Kanada yana jawo hanin shekara 5, a raba miji da matarsa a kan abin da layi biyu na bayani da sun wadatar.

Saura hanya. Wadda aka ba ƙarfe tara na safe kada ta yi gangancin tashi daga Daɗin Kowa zuwa Abuja da asuba, domin bayan gangaren Hawan Kibo da Akwanga da Keffi akwai cunkoson Mararaba da Nyanya, wanda shi kaɗai yakan cinye sa'o'i. Ta tafi ana gobe, ta kwana wurin dangi, ta isa da sauran lokaci. Kai kuma ango, ina roƙonka ka aiko wa matarka kwafin duk abin da ka cika da sunanta, ka zauna da ita ta waya ku karanta tare, kada ta sa hannu a kan maganar da ba ta san an rubuta ba.