KIYAYE GIDA A BAKIN RUWA

Karatu: Kubawar Shari'a 22:8 da 23:12-14, Mai-Wa'azi 10:18

'Yan'uwa masu-bi na ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga, darasinmu na wannan wata a kan gida ne, musamman gidan da ya ke bakin ruwa. An soma ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwan Kwara ya taru ya zama tafki mai tsawon wajen kilomita 130, tun daga Kainji har Yelwa. Tsohuwar Busa ta nutse tare da tsibiran Gungawa da yawa, aka tashi mutane wajen 44,000 aka zaunar da su a sababbin garuruwa. Kogi mai gudu ya zama ruwa mai kwanciya.

Tafkin nan albarka ne. Daga cikinsa mu ke samun kifi, a gefensa mu ke noman shinkafa da albasa, a kansa mu ke tuƙa jirgi zuwa kasuwar Yelwa da ta Wara. Amma yawancin cututtukan da su ke kwantar da 'ya'yanmu ta hanyar ruwa su ke shiga gida. Saboda haka maigidan da ya san yadda zai bi da ruwa ya gama rabin aikin kiyaye iyalinsa.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

Waɗansu suna tsammani shara da yaɓe da haƙa salga ba sha'anin bangaskiya ba ne. Bari mu duba karatunmu. Sa'ad da Isra'ilawa su ke cikin jeji, an umurce su su keɓe wuri a bayan zango domin zagayawa, kowa kuma ya riƙe abin tona ƙasa domin ya rufe abin da ya fito daga jikinsa. Dalilin da aka ba su shi ne, Ubangiji yana tafiya a tsakiyar zangonsu. An kuma umurci mai gina sabon gida ya ja rawani kewaye da soronsa, domin idan wani ya faɗo ya mutu, alhakin jini yana kan gidan. Mai-Wa'azi kuwa ya ɗora laifin yoyon ɗaki a kan ragwanci. A nan mun ga maigida zai amsa tambaya a kan haɗarin da ya bari a gidansa, ko rijiya ce marar murfi, ko bango mai shirin faɗuwa.

1. Ruwan da ke zubowa daga sama

Gyaran ɗaki aikin rani ne. Wanda ya jira sai hadari ya haɗo ya makara. A watan Maris ko Afrilu sai mu shiga kowane ɗaki da tsakar rana, mu rufe ƙofa, mu dubi sama. Duk inda haske ya shigo, nan ruwa zai bi. In jinka ce, a sake ciyawar da ta ruɓe. In kwano ne, a sake ƙusar da ta kwance. A ƙwanƙwasa azara da sanda, gama wadda gara ta cinye cikinta takan yi ƙara kamar ƙwarya. A share indararo, a tabbata bakinsa ya zarce bango.

Bangon ƙasa daga gindi ya ke mutuwa. Ruwan da ya ke fantsama daga ƙasa yana cin gindin kaɗan kaɗan, har wata rana da dare ya kife a kan masu barci. Maganinsa a tara ƙasa a gindin bango a daddaɓe, ta gangara waje, a cike tsaga da sabon yaɓe. Kakanninmu sukan shafe bango da makuba ta kwasfar ɗorawa, har yanzu kuwa tana tare ruwa.

Akwai gargaɗi ga waɗanda su ke zaune cikin gidajen bulo da aka gina wa mutanen da aka tashi. An rufe da yawa daga cikinsu da rufin siminti mai haɗe da asbestos, yanzu kuwa ya haura shekara 50. Muddin rufin yana nan lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ƙurarsa ce mugun abu, gama tana shiga huhu ta zauna, cutar kuwa ba ta bayyana sai bayan shekaru da yawa. Kada a yanka shi da zarto, kada a kankare shi, kada a farfasa shi. In ya karye, a jiƙa shi da ruwa kafin a ɗauka, a binne gutsattsarin a wurin da yara ba su tono.

2. Ruwan da ke kwance a tsakar gida

A 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya gano a ƙasar Indiya cewa ƙwayar zazzaɓi tana girma a cikin jikin sauro. Sauro kuwa cikin ruwa ya ke ƙyanƙyashewa, da zafin ƙasarmu kwana 7 zuwa 10 ya isa ƙwai ya zama sauro mai cizo. Sauron zazzaɓi ba ya bukatar babban ruwa. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini ya ishe shi, ko sawun shanu, ko jirgin da aka jawo tudu ruwan sama ya taru a cikinsa. Waɗansu irin sauro kuma sun fi son fasasshen tulu, da tsohuwar taya, da kwatami.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. A binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2021, cikin kowane yara 100 'yan ƙasa da shekara 5 da aka gwada a Jihar Kebbi, an sami ƙwayar zazzaɓi a jinin 49. Babu jihar da ta kai wannan a Nijeriya duka. A Disamba 2024 aka fara yi wa jarirai allurar rigakafin zazzaɓi a jihohin Kebbi da Bayelsa. Mu gode wa Allah domin wannan, iyaye mata kuma su kai 'ya'yansu har a cika alluran. Amma allurar tana rage cuta ne, ba ta ɗauke mana aikin gida ba.

Mu zaɓi rana ɗaya kowane mako, misali Asabar, maigida ya zaga gida da yaransa. A cike ramuka, a kife jirgi da kwanoni, a buɗe rariya ruwan wanka ya wuce. Inda ruwan wanka ya ke taruwa, a haƙa rami a cika shi da duwatsu domin ƙasa ta shanye shi. Sa'an nan kowa ya kwana cikin gidan sauro, tun ba mace mai ciki da ƙananan yara ba. In ya yage a ɗinke shi. Abin baƙin ciki ne a ga gidan sauro yana kama kifi ko yana rufe irin albasa, yaro kuwa yana kwance a fili. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a kwana biyu ana jira.

3. Ruwan da mu ke sha

Kurkunu ya gurgunta manoma da yawa a ƙasar nan a dā. Mutane suka koyi tace ruwa da ƙyalle, aka haƙa rijiyoyi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida babu sauran kurkunu a Nijeriya. Wannan ya nuna mana abin da ake yi a bakin randa yana iya korar cuta daga ƙasa ɗungum.

Amma ƙyalle ba ya tare ƙwayoyin amai da gudawa, gama sun fi ƙarfin ganin ido. Ruwan tafki, kome haskensa, ba na sha ba ne sai an gyara shi. A bar shi ya kwanta, a tace, sa'an nan a tafasa shi sosai, ko kuwa a sa maganin kulorin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Garin 'ya'yan zogale yana sa laka ta kwanta, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta duka, sai a tafasa bayansa.

Sau da yawa ruwa yakan iso gida da tsabta, a cikin gida ne ya ke ɓaci. Randa ta kasance da murfi, a ɗora ta a kan abu mai tsayi. Moɗa ta zama mai dogon hannu, a rataye ta, kada a ajiye ta a ƙasa, kada kuma kowa ya sa mata baki. A ɗiba a zuba a ƙoƙo. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko man inji ba ta ƙara ɗaukar ruwan sha, kome wankin da aka yi mata. Maganin feshin kansa a kulle shi nesa da abinci, kada a juye shi cikin kwalbar lemo. Man fetur na injin jirgi kuma a ajiye shi nesa da murhu da wurin bandar kifi.

In yaro ya kamu da gudawa, abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne. A nemi ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe bakinsa, da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, uwa ta ci gaba da ba da nono, a kama hanyar asibiti.

4. Abin da ke fita daga gida zuwa ruwa

Nan ne mu ke so mu daɗe, gama nan ne mu ke cutar juna ba da sani ba. Kowa a bakin tafki ya san tsargiya, watau fitsarin jini. Har waɗansu suna cewa alama ce yaro ya zama namiji. Ba haka ba ne. Tsutsa ce ta ke zaune cikin jijiyoyin jini na mafitsara. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganinta a Alƙahira a 1851.

Ga yadda ta ke zagawa. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya fita tare da fitsarin ya ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ya shiga jikin ƙaramar katantanwa irin wadda ta ke manne da ciyawar bakin ruwa. Bayan wajen wata guda dubbai su fito daga katantanwar, su huda fatar wanda ya shiga wanka, ko wanki, ko jan taru. Katantanwar nan ruwa mai kwanciya ta ke so, shi ya sa tafki ya fi kogi mai gudu yi mata daɗi. Cutar tana shan jinin yaro, ta hana shi girma da karatu, in ta daɗe ta ɓata mafitsara da ƙoda. Ga mata kuma tana kawo ciwon mara, har ta hana haihuwa.

Akwai magani, sunansa praziquantel, yana kashe tsutsar. Sa'ad da ma'aikatan lafiya su ka kawo shi makaranta, kada mu hana 'ya'yanmu sha, sai dai su ci abinci tukuna. Amma yaron da ya warke ya koma ruwa ɗaya zai sake kamuwa. Masunci ba ya iya rabuwa da ruwa, mun sani. Abin da mu ke iyawa shi ne mu hana ƙwan isa ruwa. In fitsari da bayan gida ba su shiga tafki ba, zagayen ya yanke. Ƙananan yara kuma a yi musu wanka a gida da ruwan da ya kwana biyu a tulu, gama a cikin kwana biyu abin da ke huda fata yakan mutu.

Saboda haka kowane gida ya sami salga, watau masai. Ta yi nisan mita 30 daga rijiya, wajen taki 40 na babban mutum, ta kuma kasance a gangare, rijiya a tudu. Mu tuna ruwan tafkinmu ba a wuri ɗaya ya ke tsayawa ba. Yakan janye da rani har farkon damina, sa'an nan ya cika da ruwan daminarmu mai laka wajen Satumba da Oktoba. Da hunturu kuma wani ruwa ya iso daga duwatsun Gini ta hanyar Mali. Wanda ya haƙa salga a watan Yuni yana ganin ruwa can nesa, zai iske ta cikin ruwa kafin Kirsimati. A auna daga iyakar da ruwa ya ke kaiwa sa'ad da ya cika. Inda ruwan ƙasa ya ke kusa, kada a zurfafa rami, a ɗaga ginin sama da bulo. Inda rairayi ne, a gina cikin ramin domin kada ya rufta. A yi wa bakin murfi saboda ƙuda, a riƙa zuba toka, a ajiye buta da sabulu a ƙofa. Kashin jariri ma a zuba shi ciki, gama yana ɗauke da cuta kamar na babba.

Aikin ekklesiya

Sauro bai san danga ba, tafki kuwa ɗaya ne mu ke sha da maƙwabtanmu, Kirista da Musulmi. Gida ɗaya mai tsabta ba ya tsira a tsakiyar unguwa mai ƙazanta. Bari dattawa su fara da filin masujada, su ga ko akwai salga ta maza da ta mata. Zumuntar Mata ta ɗauki zancen randa da ruwan gishiri da sukari ta koya wa kowace amarya. Samari su yi gayya kafin damina, su gyara rufin gwauraye da tsofaffi, ba tare da tambayar addininsu ba. Maigida kuma kada ya ce tsabta aikin mata ne. Haƙa rami, da yaɓe, da hawa rufi, nasa ne.

Tambayoyi domin nazari

1. Wane dalili aka ba Isra'ilawa na tsabtace zangonsu? Ƙaƙa wannan ya shafi gidajenmu?
2. Wane abin haɗari ne a gidanka ya ke bukatar gyara kamar soron da ba shi da rawani?
3. Faɗi hanyar da tsargiya ta ke bi daga mutum zuwa mutum. A ina za a iya yanke ta?
4. Gida nawa ne cikin ekklesiyarku ba su da salga? Wa zai taimake su, a wane wata?

Addu'a: Ya Ubangiji, kai ne ka ba mu ruwa da ƙasa da 'ya'ya. Ka ba mu hannu marar ƙyuya, domin gidajenmu su zama wurin da za ka ji daɗin tafiya a ciki. Cikin sunan Yesu. Amin.