Darasi: Yaro Kurma a Filin Wasa

'Yan'uwa cikin Kristi, Bishara ta Markus, sura 7, ta nuna mana yadda Ubangijinmu Yesu ya karɓi wani kurma. Ya ja shi gefe ɗaya, ya taɓa kunnuwansa da harshensa, ya ɗaga ido sama. Wato ya yi masa magana ta hanyar da idonsa da jikinsa za su gane. Da wannan ma'auni ya kamata mu auna darasin motsa jiki a makarantun kurame.

Iklisiya ta daɗe cikin wannan aiki. Wajen shekarar 1760, Fada Charles-Michel de l'Épée ya buɗe makarantar kurame ta kyauta a birnin Paris, inda aka koyar da maganar hannu. A wannan birni kuma aka yi wasannin kurame na duniya na farko a 1924. A irin waɗannan wasanni, tuta da fitila ne suke maye gurbin usur da bindigar tashi.

In mun ziyarci irin wannan makaranta, abubuwa uku za mu duba.

Na ɗaya, ko umarnin malami yana isa ga yaro? Malamin da ya ba da baya yana magana, ko ya tsaya rana tana bayansa, bai koyar da kowa ba. Ya kamata ya fuskanci yara, ya gwada motsin da jikinsa, ya yi amfani da maganar hannu. Yaron da ya makara wajen tashi a tsere, sau da yawa alama ce bai gani ba. Kada a rubuta masa lalaci.

Na biyu, ko an gwada tsayuwar yaro? A can cikin kunne akwai sashen da yake hana mutum tangaɗi. Ciwon sanƙarau, wanda ya yi mummunar ɓarna a Arewacin Nijeriya a 1996, yakan lalata ji tare da wannan sashe. Irin wannan yaro yakan yi tangaɗi musamman cikin duhu, kuma in ya nutse cikin ruwa yana iya kasa gane sama da ƙasa. A sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya bi layi, a rubuta sakamakon farkon zango da ƙarshensa. Ci gabansa shi ne abin awo.

Na uku, ko yana wasa da sauran yara? Idan an dawo hutu, matasan Iklisiyarmu suna kiransa ƙwallo, ko a bakin fili yake zama yana kallo?

Iyaye da malaman katikisim, ku tattauna waɗannan a taronku na wannan mako. Waliyyi Faransis na Sales, majiɓincin kurame, ka yi mana addu'a. Amin.