Koyon Jitar Bes a Gida Ba Tare da Amfilifaya Ba: Rawar da Waya Za Ta Taka

Jitar bes ta lantarki ba ta da ƙoƙo irin na gurmi ko garaya. Jikinta katako ne curarre, don haka idan ba a jona ta da komai ba, sautinta da ƙyar yake fita daga ɗaki. Idan kuma aka jona ta da amfilifaya, sai matsalar ta juye. Tsirkiyarta mafi kauri, wato E, tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, kuma sauti mai zurfi irin wannan ba ya jin bango: yana ratsa katanga, ya girgiza rufin kwano da ƙyauren taga. A gari irin Maigatari ko Gumel, inda shagon samari ke manne da zaure, kuma da bazara rabin gida a tsakar gida yake kwana, minti biyar ya isa a aiko a ce a kashe. Ga shi ba kullum wutar KEDCO ke nan ba.

Shi ya sa masu koyo da yawa suke haƙura su riƙa kaɗawa haka nan, ba jone. Yatsu suna samun ƙarfi, gaskiya ne, amma akwai ɓarnar da ba a gani sai daga baya. Da yake mutum ba ya jin kansa sosai, sai ya saba fizgar tsirkiya da ƙarfi. Abin da ya fi wannan muni shi ne ba ya jin sauran tsirkiyoyin da ke amsawa a ɓoye, alhali rabin aikin mai bes shi ne danne tsirkiyar da ba a kaɗa ba. Ranar da ya samu amfilifaya a situdiyo ko wurin biki, duk gurnanin da ya yi watanni yana tarawa zai fito fili, kuma gyara hannun da ya riga ya saba ya fi koyon farko wuya.

Wanda ba shi da ko sisi zai iya jingina kan jitar, wajen makunnan ɗauri, a jikin ƙyauren katako ko durowa. Katakon zai ɗauki girgizar ya ƙara mata amo. Dabara ce ta wucin gadi, ba ta wuce nan ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙaramar na'urar hedfon da ake cusawa kai tsaye a bakin jitar. Vox amPlug na bes yana aiki da ƙananan batura biyu na AAA, NUX Mighty Plug kuwa caji ake yi masa, kuma fawa-bank ya ishe shi. Babu manhaja a tsakani, saboda haka babu jinkiri.

Waya ma za ta yi aikin, sai dai a nan ne ake asarar kuɗi. Igiyar da ke da babban baki a gefe guda da ƙaramin baki na iyafis a ɗaya gefen ba ta wadatar ba. Ramin iyafis na waya an yi shi ne don ƙaramin makirufo, maganaɗisun da ke ɗauko sautin bes kuwa yana buƙatar mashiga mai turjiyar kusan megaom 1. Idan aka haɗa su kai tsaye, abin da ke fitowa siriri ne mai shuu. Abin da ake buƙata shi ne na'urar shigar da sauti ta USB, wadda 'yan situdiyo ke kira sawun-kad, kamar iRig HD 2 ko Behringer UM2, tare da igiyar OTG. Daga nan sai manhaja: BandLab kyauta ce a Android da iPhone, GarageBand kuma ta masu iPhone ce kaɗai. Igiyar OTG ba ta da wahalar samu a shagunan waya. Sawun-kad ɗin ne zai iya kai mutum Kano, ko ya sa shi oda ta intanet. Kafin biyan kuɗi, ya kamata a gwada a kan wayar da za a yi amfani da ita, domin ba kowace Android ce ke karɓa ba.

Babban abokin gaba shi ne jinkiri tsakanin taɓa tsirkiya da jin sauti. Milisakan 10 daidai yake da tsayawa mita uku da rabi daga lasifika, hannu ba ya damuwa da shi. Iyafis na Bluetooth kuwa yakan kai milisakan 150 zuwa 200. A kiɗa mai bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, ke nan sautin zai iso bayan kusan sulusin bugu ya wuce. Mai bes shi ne ke riƙe wa sauran makaɗa lokaci. Wanda ya koya da irin wannan jinkiri ya koyi saɓa wa ganga. Iyafis mai igiya mai araha ya fi na Bluetooth mai tsada amfani a nan. Idan wayar kanta ce mai nawa, sai a sa hedfon a jikin sawun-kad, a kunna maɓallin sauraro kai tsaye, a bar wa waya aikin naɗa da buga lokaci. Lasifikar waya kuwa kada ma a fara, ba ta iya fitar da sauti mai zurfin bes.

Wani abin da ke ruɗar masu koyo shi ne gunjin da ke shigowa idan waya na kan caji. Wutar Najeriya da ta Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, sautin G da ke gaɓa ta uku a kan tsirkiyar E kuma 49 ne. Kusancin nan kan sa mutum ya yi ta murɗa makunni yana zaton ɗaurinsa ne ya kwance. Cire caja kawai zai yi. Mai bes ɗin da ke da batir na bolt 9 a ciki shi ma ya riƙa zare igiya in ya gama, domin barinta a jone yana cinye batirin.

Amfanin waya mafi girma shi ne naɗa. Mai koyo ya kunna manhajar buga lokaci a bugu 70, ya kaɗa layi ɗaya na minti biyu, ya ajiye jitar ya saurara. Zai ji inda ya yi gaggawa da inda tsirkiyar A ta ci gaba da amo bayan ya bar ta. Waƙoƙin da zai bi kuwa ba su da nisa: kiɗan jita na Nijar ya daɗe yana yawo a memori, har kundin farko na Mdou Moctar, Anar, da aka naɗa a Sakkwato a 2008, ta wayoyi ya bazu.

Sai kunne. Ƙaramin iyafis ba ya fitar da bes sosai, sai mutum ya yi ta ƙara murya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi shi ne desibel 80 na sa'o'i 40 a mako, kuma ƙarin desibel 3 kacal yana raba lokacin biyu. Hedfon mai rufe kunne gaba ɗaya yana ba da zurfin da ake nema ba tare da an kai murya ƙarshe ba. Wanda ya sa shi dai ba zai ji kiran salla ko sallama a ƙofa ba, don haka wasu kan zame ɓari ɗaya daga kunne.